Gwamnati a Dutse, Kasuwa a Kano: Abin da Raba Jigawa da Birninta Ya Haifar



Ranar 27 ga Agustan 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ta ajiye mata hedikwata a Dutse. Rabon da aka yi ya sha bamban da na jihohi da dama, domin kusan duk abin da ake kira birni ya faɗa ɓangare guda. Kasuwannin Kantin Kwari, Singa, Kurmi da Dawanau, masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, Jami'ar Bayero da filin jirgin saman Malam Aminu Kano, duk suka zauna a Kano. Jigawa ta tashi da gonaki, fadamun kogin Haɗeja, dabbobi da iyakar Nijar. Saboda haka duk mai son ya ga abin da ke faruwa idan aka raba karkara da birninta a siyasance, ba sai ya je nesa ba. Abin da wannan takarda ke cewa shi ne, rabuwar ta kai wa karkara gwamnati har ƙofar gida, amma kasuwa da madatsun ruwa suna nan inda suke, kuma har yau ba mu gina abin da zai haɗa ɓangarorin biyu ba.

Ribar da aka samu

Masu neman jiha ba su yi ƙarya ba da suka ce birni na cinye kason ƙauye. Mutumin Birniwa ko Gwaram da ke da buƙata a ma'aikata sai ya yi sammako, wani lokaci ya kwana a tasha, kafin ya ga jami'in da zai sa masa hannu a takarda. Ga kuma lissafin kuɗin tarayya. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi tsakanin jihohi, kashi 40 cikin ɗari daidai-wa-daida ake raba shi, ba ruwansa da yawan jama'a. Ke nan yankin da a da yake karɓar kaso ɗaya ya koma karɓar biyu, sanatoci ukun da zai samu a haɗe suka zama shida. Da wannan kuɗi aka shimfiɗa hanyoyin da matafiya ke yabawa, aka mai da Dutse gari mai sakatariya da filin jirgi. Jami'ar Tarayya ta zo Dutse a 2011, ta jiha ta biyo baya a Kafin Hausa a 2013. Da ana nan a haɗe, da wuya Kafin Hausa ta ga jami'a.

Sai dai ko gwamnatin ma ba ta tare a gidanta da wuri ba. Shekara da shekaru manyan ma'aikata da yawa iyalansu na Kano, su zo Dutse ran Litinin, su juya tun kafin Juma'a ta yi. Albashin Jigawa ne, amma cefane da kuɗin makarantar yara da na haya a Kano ake kashe su. Sai a zamanin Gwamna Sule Lamido, daga 2007, aka dage kan gina gidaje da matsa wa jami'ai su zauna inda suke aiki.

Buhun riɗi

Mu bi buhun riɗi guda daga wata gona a ƙasar Gumel. Manomi ya yanka, ya jingine shi ya bushe, ya kakkaɓe, ya kai kasuwar ƙauye. Dillali ya auna da tiya ya biya shi, sau da yawa ma da kuɗin wani attajirin Kano da aka ba shi tun kafin kaka. Da yamma mota ta loda ta nufi Dawanau. Can ne mata za su sheƙe shi su tsince, injin ya tace, 'yan dako su jera a sito, a sake zuba shi a sabon buhu, tirela ta ɗauka zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Kowane hannu da ya taɓa buhun nan a Dawanau aikin yi ne, kuma harajinsa asusun Kano yake shiga. Haka zoɓo, haka alkama, haka shanun da ake saya a Maigatari. An kafa yankin ciniki na musamman a Maigatarin don a riƙe wani abu a gida, amma bai janye hada-hadar daga Dawanau ba, domin ɗan kasuwa inda masu saye da banki da motoci suke nan yake zuwa.

Lokacin da jiha ɗaya ce, ƙauye na da bakin cewa a dawo masa da wani abu daga ribar da birni ya ci a kan amfaninsa. Yanzu ba shi da kujera a majalisar da ke raba wannan kuɗi. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kan talauci na 2019 ya sa Jigawa a kusan kashi 87 cikin ɗari, cikin jihohi uku mafi talauci a Najeriya. Ban ce rabuwa ce ta kawo talaucin ba, ya riga ta. Abin da ta yi shi ne ta fito da shi fili, bayan a da arzikin birni na rufa masa asiri a lissafi.

Kano ma ba ta tsira ba. Damina na ƙarewa 'yan ci-rani ke kwararowa: masu ga-ruwa, masu gadi, leburorin gini, almajirai. Asibitocin birnin da makarantunsa na ɗaukar nauyin jama'ar da kasonsu na tarayya wata jiha ake aika wa.

Ruwa

Nan ne illar ta fi ciwo. Dam ɗin Tiga, da aka gama a 1974, da na Challawa, na 1992, duk a ƙasar Kano suke. Da su ake noman rani a Kadawa da Kura, da su birnin ke sha. Amma kogin da suka tare shi ne ke ratsa Ringim da Auyo da Haɗeja har Guri. Madatsun sun rage malalar damina da fadamu suka dogara da ita, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba ciyawar kacalla damar cika hanyoyin ruwa. Idan damina ta yi ƙarfi, kamar a 2020 da 2022, sai ruwa ya rasa hanya ya afka gonakin shinkafa da gidaje. Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya ce, hedikwatarta a Kano. Manomin Auyo da ruwa ya ci gonarsa ba shi da wanda ya zaɓa da zai iya kama wa riga a kan ranar da za a buɗe dam.

Al'ada da asali

Ta wannan fuska abin ba ɗaya ba ne. Haɗeja, Gumel da Kazaure masarautu ne masu cin gashin kansu tun kafin zuwan Turawa, don haka rabuwa ta ƙara musu kwarjini. Dutse da Ringim kuwa gundumomin Sarkin Kano ne a da, hakimansu na hawan salla a birni. Yau suna da sarakunansu da hawansu, kuma matasa sun tashi suna kiran kansu 'yan Jigawa ba tare da jin wani abu ya ɓace ba. Auratayya, karatun allo, ɗariƙu da finafinan Hausa duk ba su san da iyaka ba.

Inda iyakar ke cizo shi ne takardar shaidar asali. Yaron da aka haifa a Fagge ko Kurna, bai taɓa kwana a garin kakansa ba, ranar neman tallafin karatu ko aikin gwamnati sai a ce ya koma Jahun ya karɓo takarda. Can kuma a tambaye shi ɗan gidan wa ne. A da, Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu na yaye 'ya'yan birni da na ƙauye a aji ɗaya, cikinsu har da Aliko Ɗangote. Irin wannan cuɗanya ta ragu tun da kowace jiha ta koma kula da 'ya'yanta.

Babu mai kiran a sake haɗewa. Abin da ake buƙata shi ne majalisun dokokin Kano da Jigawa su kafa hukumar haɗin gwiwa mai doka a bayanta, wadda manoman Haɗeja za su zauna a cikinta kan jadawalin sakin ruwa da yashe kogi, ta daidaita harajin amfanin gona ya zama sau ɗaya ake biya, ta kuma amince wa wanda aka haifa a ɗaya jihar haƙƙin karatu da aiki a inda ya tashi. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai ratsa Kazaure da reshe zuwa Dutse, yana tafe. Ina roƙon gwamnonin biyu su zauna kan wannan batu kafin jirgin farko ya fara jigilar riɗi.