Harajin VAT da Makomar Ƙananan Makarantun Firamare Masu Zaman Kansu a Ingila



Babban abin da makarantar firamare mai zaman kanta ke sayar wa iyaye a Ingila shi ne aji maras cunkoso. Wurin iyo, filin wasa, malamin kiɗa daban da na kimiyya daban, duk ƙari ne. Dokar 1998 ta hana ajin 'yan shekara 5 zuwa 7 ya wuce yara 30 a makarantun gwamnati, amma daga shekara 7 zuwa 11 doka ba ta sa iyaka ba. A makarantun ISC, ƙungiyar makarantu masu zaman kansu, kowane malami yana da yara kusan 9. A firamaren gwamnati sun kai 20. Sannan ba a tilasta wa makarantu masu zaman kansu manhajar ƙasa ko jarrabawar ƙasa ta SATs, don haka sukan karkata ga shirya yaro shiga sakandare a shekara 11 ko 13.

A kan wannan ne gwamnatin Labour ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari daga 1 ga Janairun 2025, a tsakiyar shekarar karatu, bayan iyaye sun gama lissafinsu. A Afrilu kuma aka janye rangwamen harajin gine-gine. Gwamnati ta ce za ta tara kimanin fam biliyan 1.7 a shekara nan da 2030, ta ɗauki malamai 6,500. Ita da kanta ta ƙiyasta cewa yara 37,000 za su bar makarantun kuɗi.

Waɗanne yara ne? Ba 'yan babbar makarantar Eton ba ne. Eton ta ɗora wa iyaye harajin gaba ɗaya, kuɗinta ya kai kusan fam 63,000 a shekara. Abin takaicin ma, shiga tsarin VAT ya ba manyan makarantu damar karɓo wani ɓangare na harajin da suka biya kan gine-ginen shekaru 10 da suka wuce. Ƙaramar firamaren da ke zaune a tsohon gida, ba ta yi wani sabon gini ba, me za ta karɓo? Akwai makarantun Musulmi da na Yahudawa da kuɗinsu bai kai fam 5,000 ba, akwai iyayen da suka kai yaro mai buƙata ta musamman saboda babban aji ya gagare shi. An yi musu kuɗin goro da Eton. Wasu daga cikin iyayen sun je Babbar Kotu, ta kori ƙararsu a Yunin 2025.

Na san kusan kashi 93 cikin ɗari na yara a makarantun gwamnati suke, kuma suna buƙatar kuɗin. Amma ministar ilimi Bridget Phillipson ta riƙe adadin malamai 6,500 tana ta maimaitawa, kamar shi ne amsar kowace tambaya.

Shawarata ita ce a sa ma'auni: makarantar da kuɗinta bai kai wani adadi ba a ɗauke mata harajin, tunda dama an ɗauke wa azuzuwan renon yara. Ma'aikatar ilimi kuma ta riƙa fitar da jerin makarantun da suka rufe, da yawan ɗalibansu da kuɗin da suke karɓa, kowace shekara.