Yadda Manomi Zai Gane Takinsa Ya Nuna

Yau maganarmu a kan takin da manomi ke haɗawa da hannunsa ce, wato na ganye da kara da toka da kashin dabbobi, da yadda zai tabbata ya nuna kafin ya kai shi gona.

Taki kamar abinci yake, akwai ɗanye akwai nunanne. Wasu ƙananan halittu ne waɗanda ido ba ya gani suke ruɓar da shi, su kuwa suna bukatar sinadarin naitirojin, wanda shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. In aka zuba takin da bai gama ruɓewa ba, halittun nan sai su ci gaba da aikinsu a cikin gona, su kwashe naitirojin ɗin da ke ƙasa. Nan da nan sai ka ga masara ta yi rawaya ta tsumbure, mai gona yana zargin iri, alhali laifin taki ne. Ɗanyen kashin kaji ma ya fi muni, don yakan ƙone saiwa ƙurmus.

Gwaji na farko da sanda ake yi. A soka doguwar sanda har tsakiyar tarin, a bar ta kamar minti 10, sa'an nan a zaro a taɓa. Tari mai aiki zafinsa yakan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Santigired, zafin nan kuwa shi ke kashe yawancin 'ya'yan ciyawa da ƙwayoyin cuta. In sanda ta fito da zafi, da sauran aiki. Amma a yi hattara: sanyi kaɗai ba shaida ba ne. Tarin da iskar hunturu ta busar shi ma sanyi gare shi, ga shi kuwa ɗanye. Saboda haka a yayyafa masa ruwa, a juya shi, a dakata kwana 3. In zafi bai sake tashi ba, to, ya kusa.

Daga nan sai ido da hanci. Nunannen taki baƙi-baƙi ne, yana marmashewa a hannu, yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya jiƙa, ba ka iya rabe ganye da kashi a cikinsa. Tarin kuma ya zabge, ya koma kamar rabin yadda aka tara shi. Warin fitsari mai yaji alama ce kashi ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kuwa ruwa ne ya toshe iska. Wannan shi ne ya fi damun 'yan'uwanmu masu noman lambu a ƙasashen kudu, irin su Ikko da Badun, inda ruwan sama ke da yawa. Su gara su tara a bisa tudu su rufe, maimakon haƙa rami. A damƙi taki a matse: in ya dunƙule, tafin hannu ya yi laima, daidai ne, in ruwa ya tsiyaya, ya wuce kima.

Ni dai a ganina babu gwajin da ya kai tambayar shuka da kanta. A sami tukwane biyu, ɗaya a cika da ƙasa zalla, ɗaya a gauraya ƙasa da taki rabi da rabi. A shuka ƙwayar tumatir 20 a kowace, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Bayan kwana 10 a ƙirga. In tsiron tukunyar taki ya yi kusa da na ƙasa zalla a yawa da lafiya, taki ya nuna. In kuwa rabi ne suka fito, ko suka fito a ƙanjame, a bar tarin ya ƙara mako 3 ko 4 a sake gwadawa.

Masu sayen takin bola daga gari, su baza shi su tsince leda da kwalba da ƙarfe, musamman tsofaffin batura, domin gubarsu ba ta ruɓewa, cikin ƙasa take zama. Wanda takinsa ya nuna tun damina ba ta faɗi ba, ya rufe shi da ciyawa a inuwa, kada rana da ruwa su tafi da ƙarfinsa.