Hutun da Ƙwayar Barci Ba Ta Bayarwa

Iyayena, yayyena da ƙannena 'yan Wusasa, na nan Dubai da na gida:

Ni likita ne. Na sha rubuta wa mutane maganin barci, sai ga shi ni ma barci ya ƙaurace mini. Da na kwanta sai lissafi: kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, asibitin Mama a Zariya, ga biza da ke rataye da aikina. Har hawan jini ya kama ni.

Da ƙasar nan ta mayar da hutun mako Asabar da Lahadi a Janairun 2022, sai na koma sujada a cocin Holy Trinity da ke Oud Metha. Wata Lahadi aka karanta Markus sura 4, inda Yesu ke barci cikin jirgi ana tsakiyar hadari. Nan na gane na ɗauki kaina ni ke riƙe da danginmu, alhali Allah ne.

Yanzu ina aika abin da zan iya, sauran na miƙa masa cikin addu'a, in kwanta.

Mai hawan jini kada ya bar shan magani. Amma damuwa, ku kai wa Almasihu.