Kafin ki ba da sautun Dubai

Wata baiwar Allah daga Gidan Katta ta aiko mana da tambaya. Ta ce ta kwashi adashi, ga kuma wata Hajiya maƙwabciyarta za ta Dubai saro kaya, shin ta ba ta sautu ko ta sayi tumaki ta ɗaure? To 'yar uwa, bari mu fara da garin kansa, don da yawanmu sunan kawai muke ji.

Dubai birni ne a bakin teku, cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa wadda aka kafa a 1971. Kakannin mutanen wurin su suke yi, da nutso cikin teku neman lu'ulu'u, har sana'ar ta mutu a shekarun 1930. Sai a 1966 suka sami man fetur, shi ma bai kai na maƙwabtansu na Abu Dabi ba. Sarkinsu Shaihu Rashid ya zuba kuɗi kan ciniki. Ya sa aka yashe mashigin ruwan da ya ratsa garin don jirage su shigo, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Jabal Ali a 1979. Yau masu yawon buɗe ido kan cika garin don ganin Burj Khalifa, benen nan mai tsawon mita 828 da aka buɗe a 2010. Amma Hajiyoyinmu ba kallon bene ke kai su ba. Tsohuwar unguwar Dera suke nufa, inda kasuwar gwal da ta Nayif suke.

Ke da kike kusa da Illela, kin san dabbobin da ke cika kara ran Lahadi ba duka aka haifa a nan ba, da yawa daga Nijar ake koro su. To haka Dubai take, zango ce. Yawancin takalma da jakunkuna da yadin da ake sarowa, a Sin da Indiya aka yi su. Duk hannun da kaya ya bi sai ya ɗora ribarsa, kafin kuɗin jirgi da na kwastan. Shi ya sa manyan 'yan kasuwar Kano da dama suka koma zuwa Sin kai tsaye.

Gwal ne dai ya fi jan hankalinmu, don haka ki saurara da kyau. Awonsa ake yi da giram, kuma yana da daraja hawa-hawa: akwai 18, da 21, da 22, da 24. Farashin giram na ranar a bayyane yake, ba a tayawa. Abin da ake ciniki a kai shi ne kuɗin aikin maƙeri. Ran da kika tashi sayar da sarƙar nan a Sakkwato, nauyinta za a biya ki, kuɗin aiki ya tafi. Saboda haka in don ajiya kike so, ki ce a sayo miki mai sauƙin ado. Rasit kuwa dole, mai ɗauke da nauyi da lamba.

Sai maganar canji. Kuɗinsu dirhami ne, kuma a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya dirhami 3.67. Ke nan duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda muka gani daga 2023, adashinki ya ragu tun Hajiya ba ta hau jirgi ba. Ƙofar ma takan rufe. A 2022 an daina ba 'yan Najeriya biza, sai 2024 aka dawo da ita. Mu nan ai ba sai an ba mu labari ba, mun ga abin da rufe iyaka ya yi wa kasuwar Illela a 2019 da 2023.

Ni dai a ganina, in adashin nan shi ne iyakar jarinki, kada ki tura shi duka ƙetaren teku. Ki raba biyu. Wanda za ki ba Hajiya, ku zauna gaban maigida ko wani babba a rubuta: nawa kika bayar, me za a sayo, nawa ne ladanta, kuma wa zai ɗauki asara in kaya suka maƙale a hanya. Kada kunya ta hana ki, ita ma Hajiyar takardar kariya ce gare ta.

'Yar uwarmu ta Gidan Katta, a gaida yara. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauko ɗaya rabin tambayarki, wato kiwon tumakin.