Rage Sitaci, Ƙara Mai, Barin Nama: Shin Tukunyarmu Za Ta Ɗauka?



Kwamitin lafiya ya nemi mu yi magana a kan wani tsarin cin abinci da ya fara shiga gidajenmu na birni, galibi ta hannun 'ya'yanmu masu karatu da kuma waɗanda ƙiba ko ciwon sukari ya dama. Tsarin ya haɗa abubuwa biyu ne: rage abinci mai sitaci ƙwarai a maye gurbinsa da mai, da kuma ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba.

Abubuwan nan biyu ba gida ɗaya suka fito ba. A 1921 ne wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Russell Wilder, ya tsara abinci mai yawan mai da ƙarancin sitaci domin masu farfaɗiya, ba domin rama ba. Daga baya littafin Robert Atkins na 1972 ya yayata shi a matsayin hanyar rage ƙiba, da nama da ƙwai a tsakiyarsa. Ƙin duk wani abu na dabba kuwa, Donald Watson da abokansa ne suka kafa masa ƙungiya a Ingila a 1944, kuma tausayin dabbobi ne babban dalilinsu. A wajensu babu nama, babu kifi, babu ƙwai, babu nono ko man shanu, har zuma ba su sha.

Yadda abin yake aiki a jiki ba shi da wuyar fahimta. Idan sitaci ya yi ƙaranci, wato ƙasa da giram 50 a yini a tsari mai tsanani, sai hanta ta koma sarrafa kitse ta fitar da wani makamashi da ake kira kiton. To, dafaffiyar shinkafa giram 200, wadda ba ta cika farantin magidanci ba, tana ɗauke da sitaci kusan giram 56. Ke nan faranti guda ya cinye rabon yini. Haka tuwon masara da na dawa, da doya, da gurasa, da fura. Ko wake, wanda mai barin nama kan dogara da shi, fiye da rabinsa sitaci ne, saboda haka ƙosai da alala ma sai da awo.

Me ya rage a tukunya ke nan? Abin mamaki, ƙasarmu tana da arzikin kayan wannan tsari. Gyaɗa, wadda dalarta ta sa Kano ta yi suna, kusan rabinta mai ne, kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin mai gina jiki. Riɗin da ake lodawa a Maigatari da Dawanau ana kai wa ƙasashen waje, shi ma rabinsa mai ne. Ga agushi, ga kwakwa, ga fiya. Ga awara, wadda muke yi wa kallon abin ƙwalamar yara a bakin titi, alhali ita ce abin da masu wannan tsari a Turai ke saya da tsada, don furotin ɗinta da yawa, sitacinta kaɗan. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wanda iyayenmu mata suka daɗe suna yi, ya cika sharuɗɗan tsarin ba tare da an canja masa komai ba. Miyar kuka da ta kuɓewa da daddawa suna nan daram, sai dai tambayar da ba ta da amsa mai daɗi: da me za a ci su?

An gwada tsarin. A 2009 David Jenkins da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto a Kanada suka buga sakamakon gwaji a kan mutum 47 masu ƙiba na tsawon mako 4. Masu cin kayan tsiro da ƙarancin sitaci sun rage nauyi kusan kilo 4, daidai da waɗanda aka bar musu sitacinsu, amma mugun kitsen jininsu ya fi sauka. Sai dai a lura, ba a hana su sitaci ƙaf ba. Kimanin kashi 26 cikin ɗari na ƙarfin abincinsu daga sitaci ne. Kuma mako 4 ba shekara 4 ba ne.

Inda muke so a saurara da kyau shi ne nan. Bitamin B12 ba a samunsa a tsiro, ko zogale ba shi da shi. Hanta tana ajiye shi na shekaru, don haka rashinsa ba ya bayyana da wuri, sai an ga kasala da ƙarancin jini da mutuwar yatsun hannu da ƙafa, kuma lalacewar jijiya ba kullum take warkewa ba. Duk wanda ya bar kayan dabba, shan ƙwayar B12 ya zame masa dole. Mai shan metformin ya fi buƙatar kula, domin maganin kansa yana rage wannan bitamin.

Mai yin allurar insulin ko shan glibenclamide, idan ya yanke tuwo dare ɗaya bai rage maganin ba, sukarinsa na iya faɗuwa har ya suma. Likita ne zai daidaita maganin, ba saƙon waya ba. Mai ciki, da mai shayarwa, da yaro mai tasowa, da mai ciwon ƙoda, ba mu ba su shawarar wannan tsari.

Bugu da ƙari, ba kowane man tsiro ne lafiyayye ga zuciya ba. Manja kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, man kwakwa kuma ya fi shi nesa ba kusa ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna a ajiya tana ɗauke da guba mai suna afulatoksin da ke lalata hanta, kuma wanda ya mai da gyaɗa abincinsa na kullum shi ya fi shiga haɗarin.

A ganinmu, ga mafi yawanmu da muka bar fartanya muka koma kujerar ofis, raba malmalar tuwo biyu, da barin lemon kwalba, da cika sauran farantin da ganye da awara da gyaɗa mai kyau, ya fi sauƙin ɗorewa. Wanda kuma ya ƙudura sai ya bi tsarin gaba ɗaya, ya fara da gwajin sukari da na kitsen jini da na ƙoda, ya maimaita bayan wata 3, ya kai wa likitansa sakamakon.