JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU A KAN GWAFAR JAN MOTA



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana yadda maƙeri da mai walda na gunduma za su ƙera abin jan mota wanda ba zai jawo asarar rai ba. Kowane Hakimi ya sani, da zarar damina ta kankama, hanyoyin ƙauye su kan ɓaci, mota ta mutu a daji nesa da makaniki. Wani lokaci kayan kasuwa ta ɗauko, wani lokaci kuwa majiyyaci ne a ciki, ko mace mai naƙuda. A nan ne jama'a su kan rarumo igiyar guga ko tsohuwar sarƙa su ɗaura, garin neman gyara su jawo ɓarna.

AIBIN IGIYA

Igiya tana da aibi biyu. Na fari, ja kaɗai ta iya, ba ta tarewa. Idan motar gaba ta tsaya farat ɗaya, ta baya sai ta afka mata, gama a yawancin motocin yanzu, in inji ya mutu, birki ya kan yi tauri, sitiyari ya yi nauyi. Na biyu, in ta yi sako-sako sa'an nan aka fizge ta, ta kan tsinke ta komo kamar bulala, ƙugiyarta kuwa ta isa ta fasa kan mutum. Saboda haka ba a yarda da igiya ba sai don fid da mota daga taɓo, ko kau da ita daga tsakiyar hanya.

YADDA A KE ƘERA GWAFA

Abin da ya fi shi ne sandar ƙarfe mai siffar gwafa, watau ƙafa biyu waɗanda su ka haɗu a kai ɗaya. A nemi bututun ƙarfe biyu masu kaurin jiki, fāɗin bakin kowanne kamar inci 2, tsawonsa kamar ƙafa 5 ko 6. Kada a yi da bututun famfo ko ƙarfen gado, domin su kan lanƙwashe. A haɗa kawunansu a jikin zobe mai kauri, a gicciya wani guntun bututu tsakaninsu, a yi wa kusurwar ƙari da faifan ƙarfe. Zoben nan shi zai shiga ƙugiyar motar gaba, a datse shi da fegi mai makulli don kada girgiza ta zare shi.

Ƙafafun biyu kuwa a ƙashin mota a ke kama su, watau dogayen ƙarafan da jikin mota ke zaune a kansu, ko wurin da masu ƙera motar su ka tanada domin ja. Ba a kama bamba, ba a kama ƙarfen sitiyari. Kowace ƙafa a sa mata ƙusa mai noti a gicciye, yadda gwafar za ta iya ɗagawa da sauka in an shiga rami. In aka ɗaure ta ƙam, galan ɗaya ya isa ya ɓalle walda.

Lalle ne gwafa ta kwanta sosai, kada kanta ya fi gindinta tudu ko ƙasa da abin da ya wuce inci 3. In ta karkata, sa'ad da aka taka birki motar baya za ta nemi hawan ta gaba, ko ta kutsa ƙarƙashinta. Bayan wannan a ƙara sarƙa biyu daga mota zuwa mota, a gicciya su ƙarƙashin zoben. Ko fegi ya karye, su za su tallafe gwafar.

DOKOKIN TAFIYA

1. Tilas motar ja ta fi wadda a ke ja nauyi. Gwafa irin wannan ta ƙananan motoci ce da a-kori-kura. Babbar lori mai birkin iska aikin janwe ce.

2. A sauke kaya da fasinjoji, a sa mota a firi, a sassauta birkin hannu, a murɗa makulli don kada sitiyari ya kulle. Direba mai lasin ya zauna ciki domin taimakon birki.

3. Mota mai canza giya da kanta ba a jan ta nesa tayoyin da ke tura ta suna ƙasa, gama in inji ba ya aiki mai ba ya zagaya akwatin giya, sai ya ƙone. A ɗora ta bisa wata mota, ko makaniki ya kwance farfela tukuna.

4. Kada gudu ya wuce kilomita 30 a sa'a. A bi gefen dama, wanda shi ne hannun tuƙi a Nijeriya tun 1972. A ɗaura jan ƙyalle a baya, kuma in babu fitila kada a yi tafiyar dare.

5. Ba a komawa da baya da gwafa a ɗaure. Bayan kilomita ɗaya na fari a tsaya a duba noti da walda.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Ana roƙon kowane Hakimi ya sa a ƙera gwafa ɗaya a ajiye a ƙofar gidansa. Kafin a fara aiki da ita a nuna wa makaniki wanda ya ƙware, a kuma nemi shawarar ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988. Malamin Hakimi ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta sunan mai aro, da lambar mota, da ranar karɓa da ta mayarwa. Duk ran da aka komo da ita ya duba bakin walda. In ya ga tsaga, ko da kamar silin gashi ce, kada ta sake fita sai an gyara.

Dagatai da masu unguwa kuma a gargaɗe su su riƙa korar yara daga wurin da a ke jan mota, kada kowa ya tsaya tsakanin motocin biyu sa'ad da inji ke aiki. Direban da aka tsai da shi don a duba masa ɗauri kada ya ga an tozarta shi, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai matafiya gida lafiya.