Maganin Ciyawa: Daga Gona Zuwa Tsakar Gida



An ce in yi magana kan maganin ciyawa. Wata za ta ce, ai feshi aikin maza ne. Haka ne, amma wa ke wanke rigar mai feshi? Wa ke tsinkar lalo da tafasa a bakin gona? Mu ne.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya kankama daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun. Yau kuɗin 'yan ƙwadago ya yi tsada, shi ya sa feshi ya zama ruwan dare a gonar shinkafa da lambun itatuwa. Ba mu ce a daina ba, amma mu san abin da ke shigo mana gida.

Paraquat ba shi da makari. Kurɓi ɗaya na iya lalata huhu, ya yi kisa. Hukumar NAFDAC ta haramta shi, saboda haka mu riƙa duba jikin kwalba kafin a saya. Shi kuwa glyphosate, a 2015 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka ce akwai yiwuwar yana haddasa cutar. Kuma iska na kwasar feshi ta ƙona dashen zogale da mangwaro, ruwan sama ya wanke sauran zuwa magudana inda dabbobinmu ke sha.

Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010, yara ɗaruruwa suka rasu. Ita ma a tsakar gida ta same su.

To, me za mu yi? Galan ɗin magani ba na zuba man gyaɗa ko kunu ba ne, a huda shi, a kawar. Kayan feshi a wanke su daban. Mai ciki da mai shayarwa su nisanci gonar da aka fesa. In wani ya sha, kada a ba shi madara ko manja, kada a sa shi amai. A garzaya asibiti da kwalbar a hannu.

Shawarata ita ce ƙungiya ta sayi safar hannu da takunkumi da takalman roba daga asusunmu, mai buƙata ta ara wa maigidanta. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mu da zuri'armu.